Kati Biyu Matsakaita Ko Babba Guda Ɗaya? Jagorar Zaɓen Katin Garafik Na Wasa A Damagaram

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga masu karatu, musamman matasan nan Damagaram masu haɗa kwamfutar wasa a gida, da masu ɗakunan gem a unguwanni: "Malam, na samu katin garafik RX 580 guda biyu da araha, in haɗa su, ko in ƙara kuɗi in sayi guda ɗaya mai ƙarfi?" Wani kuma GTX 970 ne gare shi tun tuni, yana so ya samo na biyu. Amsata dai ita ce kati ɗaya, a kusan kowane hali. Sai dai ba na so ka kashe gumin wata da watanni don kawai na faɗa. Ga matakan da za ka bi da kanka, ɗaya bayan ɗaya, har ka ga inda lissafin ya kai ka.

Kafin ka fara, tanadi biro da takarda, rula ko tef ɗin awo, sukudireba mai baki huɗu, da filas da ka zuba wa manhajoji huɗu: GPU-Z, FurMark, MSI Afterburner da DDU. Dukkansu kyauta ne.

Mataki na 1: Rubuta wasanninka da sikirinka

Rubuta sunayen wasanni biyar da ka fi bugawa, da waɗanda kake burin bugawa nan da shekara biyu. A gefe kuma ka rubuta irin sikirin da kake da shi: 720p ne, 1080p, 1440p ko 4K, kuma sau nawa yake sabunta hoto a daƙiƙa, 60 ko 144.

Mutane da yawa a nan suke samun amsarsu. In ƙwallo ce abin bugawarka, PES 2021, eFootball ko EA Sports FC, a kan talabijin mai 1080p da 60Hz, ba ka buƙatar kati biyu, ba ka ma buƙatar kati mai tsada. Kamfanin EA da kansa GTX 1660 ko RX 5600 XT ya ba da shawara a kai don FC 24. In kuma Free Fire ko PUBG Mobile kake bugawa ta GameLoop ko BlueStacks, manhajojin da ke kunna wasannin waya a kwamfuta, furosesa da RAM ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, kati na biyu zama kawai zai yi yana shan wuta.

Yanzu ga abin da ya kamata ka fahimta game da aikin kati biyu a wasa. Ba haɗuwa suke yi su zama kati ɗaya babba ba. Karɓa-karɓa suke yi: wannan ya zana hoto na farko, wancan ya zana na biyu, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. In hannunsu ya zo daidai, daka ya yi sauri. In ɗaya ta makara ko ta riga, taɓare su yi karo. Shi ya sa za ka ga kwamfuta tana nuna maka hoto 90 a daƙiƙa, amma idonka na ganin wasan yana ɗan fizga yana tsayawa. Lambar ta yi kyau, tazarar da ke tsakanin hotunan ce ba daidai ba. Kuma wannan karɓa-karɓar sai wasan da direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, sun san da ita. GTA V, The Witcher 3, Rise of the Tomb Raider da Shadow of the Tomb Raider suna amfana da kati biyu. Red Dead Redemption 2 ma yana iyawa ta hanyar Vulkan, ɗaya daga hanyoyin da wasa ke magana da kati. Cyberpunk 2077 da Call of Duty: Warzone ba ruwansu da kati na biyu, haka kusan duk manyan wasannin da suka fito daga 2020 zuwa yau.

A gaban kowane wasa da ka rubuta, sa alamar "yana yarda" ko "ba ya yarda". In fiye da rabi ba su yarda, ka riga ka san inda aka dosa.

Gargaɗi: ma'ajiyar katin, wato VRAM, ba ta haɗuwa. Kati biyu masu 4GB ba su zama 8GB, domin kowanne sai ya ɗauki kwafin komai a cikinsa. Duk mai sayarwan da ya ce maka 8GB da 8GB sun zama 16GB a wasa, ko bai sani ba ne, ko yana son kuɗinka ne.

Mataki na 2: Duba ko katin ma yana haɗuwa da wani

A wurin kamfanin Nvidia, mai katunan GTX da RTX, sunan haɗin SLI, a wurin kamfanin AMD, mai katunan RX, kuma CrossFire. Ba kowane kati ke yi ba, kuma matsakaitan da suka fi yawa a hannun mutane su ne aka fara cire wa.

Na Nvidia da ke yin SLI: GTX 960, 970, 980, 980 Ti, sai GTX 1070, 1070 Ti, 1080 da 1080 Ti, ana haɗa su da gada, ƴar na'urar da ake sokawa a saman katunan biyu. A jerin RTX 20, sai 2070 Super, 2080, 2080 Super da 2080 Ti, su ma da gada ta daban mai suna NVLink. A jerin RTX 30, 3090 da 3090 Ti kaɗai. Daga RTX 40 da ya fito a 2022 babu ko ɗaya. Waɗanda ba su yi sam: GTX 750 Ti, 1050, 1050 Ti, 1060, 1650, 1660, RTX 2060, 3050, 3060, 3070, 4060. Hanya mafi sauƙi ita ce ka dubi saman katin, gefen da ke kallon murfi. In babu ƴan haƙoran tagulla da ake soka gada, babu SLI. Ka kuma sani cewa tun 1 ga Janairu 2021 Nvidia ta daina ƙara saitin SLI na sababbin wasanni a cikin direbobinta.

Na AMD da ke yin CrossFire: RX 470, 480, 570, 580, 590 da Vega 56 da 64. Waɗannan ba su buƙatar gada, ta cikin madabod, wato babban allon kwamfuta, suke magana da juna. Daga RX 5000 na 2019 zuwa sama, tsohon CrossFire ya ƙare, sai dai ƴan wasannin DirectX 12 ko Vulkan da masu su suka gina wa kati biyu da kansu, kuma ba su da yawa.

Ke nan in aka ce "kati biyu matsakaita" a yau, ana maganar kayan 2014 zuwa 2018 ne. Ba za ka iya sayen RTX 4060 biyu ko RX 7600 biyu ka haɗa su a wasa ba. Tsofaffin kuma lokaci na barin su: a ƙarshen shekarar 2025 Nvidia ta fitar da direban wasa na ƙarshe na jerin GTX 900 da GTX 10, abin da ya rage musu gyaran tsaro ne kawai. Akwai ma wasannin da ba su tashi sam a kansu, kamar Doom: The Dark Ages na 2025, wanda sai kati mai fasahar bin haske, irin RTX 20 ko RX 6000 zuwa sama.

Gargaɗi: SLI sai kati iri ɗaya mai VRAM ɗaya. GTX 1070 na MSI da GTX 1070 na Gigabyte za su haɗu, amma 1070 da 1080 ba za su haɗu ba. CrossFire ya fi sassauci, RX 570 na iya tafiya da RX 580, sai dai mai ƙarfin zai riƙa jiran mai rauni.

Mataki na 3: Buɗe kwamfutar ka duba madabod da gida

Kashe wuta, zare waya, buɗe murfin. Ƙirga dogayen gurabun PCIe, inda ake soka kati a madabod. Ganin biyu bai isa ba. A madabod masu araha da yawa, gurbi na biyu dogo ne a ido, amma layin bayanai huɗu kaɗai aka ja masa. SLI ba ya tashi sai kowane kati ya samu layi takwas, kuma sai madabod ɗin na da lasisin SLI, wanda galibi sai a irin Z170, Z270, Z370, Z390 na Intel, ko X370, X470, X570 na AMD, su ma ba duka ba. H110, H310, B250, A320 ba su yi. B450 na iya CrossFire in yana da gurbi na biyu, amma ba SLI ba. CrossFire yana tashi a kan layi huɗu, sai dai kati na biyu zai riƙa shaƙewa. Karanta sunan madabod ɗin da ke rubuce a jikinsa, ka duba shafin kamfanin.

Sai awo. Auna daga bayan gida zuwa inda kejin hadis ko fankar gaba ta tare hanya. Katunan fanka uku sukan kai santimita 30 ko fiye, masu fanka biyu sukan tsaya tsakanin 20 da 25. Duba kauri ma, don wasu sababbin suna cinye gurbi uku.

Gargaɗi ga masu kwamfutar ofis ta hannu, irin HP, Dell ko Lenovo da suka cika kasuwa: akwatin wutarsu ƙarami ne, galibi wat 180 zuwa 300, ba shi da wayar kati, kuma sau da yawa fulogin nasu na musamman ne, ba a musanya shi da na kasuwa kai tsaye. Maganar kati biyu ba ta taso ba a nan, haka maganar babban kati. Abin da ya dace da su shi ne katin da ke shan wuta daga gurbi kaɗai, kamar GTX 1650 marar fulogi ko RTX 3050 mai 6GB, kuma in gidan siriri ne sai ka nemi gajeren samfuri.

Rubuta sunan furosesarka ma. Core i5 na ƙarni na uku ko na huɗu ba zai iya ciyar da RTX 4070 ba. Katin zai zauna yana jira, kai kuma ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka gani.

Mataki na 4: Lissafin wuta

A nan nake so ka zauna sosai, domin a garinmu wannan ne ke yanke hukunci fiye da komai.

Ga abin da katunan ke sha bisa alƙaluman masu ƙera su: GTX 970 wat 145, GTX 1070 wat 150, RX 570 wat 150, RX 580 wat 185, GTX 1080 Ti wat 250. A ɓangaren sababbi: RTX 4060 wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, RTX 4070 wat 200, RX 6700 XT wat 230, RX 7800 XT wat 263.

Ɗauki misalin da aka fi tambaya. RX 580 biyu sun sha wat 370. Ƙara furosesa, a ce wat 65 zuwa 95, da sauran kaya kamar wat 50. Ka kai wajen wat 500 ke nan, ba ka sa sikirin ba. Wannan na buƙatar akwatin wuta, wato PSU, mai wat 750 na kirki, mai wayoyin kati da suka isa duka biyun. RTX 4060 guda kuwa, da furosesar nan da sauran kayan nan, bai wuce wat 230 zuwa 260 ba, PSU mai 550 ya ishe shi, kuma a wasa ya ninka RX 580 ɗaya, a kowane wasa, ba sai wanda ya yarda da CrossFire ba.

Bambancin katunan kaɗai wat 255 ne. In kana wasa awa 5 a rana, ya zama kilowat-awa 1.275 kullum, wajen 38 a wata. Ɗauko takardar wutarka ta watan jiya, ka duba nawa kake biyan kilowat ɗaya, ka ninka. Mai ɗakin gem da ke buɗewa awa 10 ya ninka wannan sau biyu a kan kowace kwamfuta. In da gurup kake aiki idan an ɗauke wuta, ko da sola da batura, bambancin ya fi ciwo, don wat 255 na iya zama ƙarin faranti da ƙarin batir.

Sai ondiler, na'urar da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce. Mai 650VA takan ɗauki wajen wat 360 zuwa 390, mai 1000VA wajen 600, mai 1500VA wajen 900. Kwamfutar kati ɗaya mai sauƙin sha tana iya zama a kan 650VA ko 1000VA. Ta kati biyu sai 1500VA, kuma bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne. In wutar unguwarku tana hawa da sauka, nemi mai daidaita wuta a cikinta, ko ka sa regilater a gaba. Mai sola ya tabbata imbatarsa mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce, don PSU na zamani da yawa ba su jituwa da masu arahar.

Gargaɗi: kada ka yarda da lambar da aka buga da manyan haruffa a jikin PSU marar suna. Dubi teburin da ke gefensa, layin +12V, ka ninka amfiya da 12. In an rubuta 750W amma layin 12V amfiya 25 ne, wat 300 ke nan gare ka. PSU mai nauyi a hannu, mai shaidar 80 Plus, daga kamfani sananne kamar Corsair, Seasonic, Cooler Master ko be quiet!, shi ne ke kare sauran kayan.

Gargaɗi na biyu: gurbin PCIe na ba da wat 75, fulogi mai ƙafa 6 wat 75, mai ƙafa 8 wat 150. In PSU ba shi da wayar da ta isa, za a kawo maka ƴar wayar da ke juya fulogin hadis na SATA ya zama na kati. Kada ka karɓa. Fulogin SATA wajen wat 54 aka yi shi ya ɗauka, in aka ja 150 ta cikinsa narkewa yake yi, wani lokaci har da gobara. Masu haɗa kati biyu su suka fi faɗawa wannan tarkon, don nan ne wayoyi ke ƙarewa.

Mataki na 5: Zafi da ƙura

Gwaje-gwajen da kake gani a YouTube yawanci a ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 25 aka yi su. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura 40, ɗakin kwano da rana ba a magana. Kati yana ɗora zafinsa ne a kan zafin ɗaki. Wanda ya tsaya a digiri 70 a ɗakin 25 zai doshi 85 a ɗakin 40, kuma daga wajen 83 katunan Nvidia na jerin GTX 10 suke fara rage gudu don kare kansu.

In kati biyu ne, na sama yana zuƙar iskar da ta ɗumama a bayan na ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu wani lokaci ba ta kai yatsa ba. Shi ke fara zafi, shi ke fara rage gudu, kuma tunda karɓa-karɓa suke yi, sai ya ja ɗan'uwansa baya. Ga wat 370 na zafi da ke fitowa cikin ɗakin da kai ma kake zaune. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe haƙarƙarin katin, ta fi taruwa a matsattsen wurin nan na tsakiya.

In ɗakinka ba kilim, sa wannan a lissafi a matsayin babban dalili. Ko a cikin katunan guda ɗaya, ni nakan fifita mai shan wat 200 ko ƙasa ga wanda fanka kaɗai gare shi. RTX 4090 mai wat 450 a ɗakin da ba sanyi wahala ce aka saya da tsada.

Mataki na 6: Tara kuɗin gaba ɗaya

Ja layi a tsakiyar takarda. A dama rubuta "kati biyu", a hagu "kati ɗaya".

Ƙarƙashin kati biyu: kuɗin katunan, PSU mai 750, madabod in naka ba ya yi (wanda kan ja sabuwar furosesa da RAM), gadar SLI in Nvidia ne, ƙarin fankoki biyu ko uku, babbar ondiler, da ƙarin kuɗin wuta na shekara guda. Ƙarƙashin kati ɗaya: kuɗin katin, PSU in naka bai isa ba, sai ka cire kuɗin da za ka samu in ka sayar da tsohon katinka.

Farashi a nan yana bin canji da kuɗin dako, ko daga Yamai kayan suka zo, ko daga Kano, ko an yi odarsu daga Dubai ko Sin, don haka ka tambayi aƙalla mutum uku a rana ɗaya. Abin da zai taimake ka wurin ciniki shi ne sanin farashin da aka fitar da katin sabo a Amurka: RX 580 mai 8GB dala 229 a 2017, GTX 1070 dala 379 a 2016, RTX 3060 da RX 6600 dala 329 a 2021, RX 6700 XT dala 479 a 2021, RTX 4060 dala 299, RTX 4070 dala 599, RX 7800 XT dala 499, ukun nan a 2023. Dalar Amurka nake nufi, ba dalar sefa biyar ba. Katin da ya shekara bakwai yana aiki bai kamata ya kusanci farashinsa na farko ba. In naira aka faɗa maka, juya ta zuwa jika da canjin ranar kafin ka ce komai.

Mafi yawan lokuta layin kati biyu, wanda ya fara da araha, shi ke ƙarewa da tsada.

Mataki na 7: Yanke shawara

Kati biyu na da ma'ana ne kawai in duk waɗannan sun haɗu: kana da ɗaya a hannu, na biyun kusan kyauta ne, madabod da PSU ɗinka sun riga sun isa, ɗakinka na da sanyi, kuma wasanninka na 2013 zuwa 2018 ne masu yarda da haɗin. Ko a hakan ƙarin gudun wani lokaci rabi ne, wani lokaci ya kusa ninki, wani lokaci babu. In ɗaya daga sharuɗɗan ya faɗi, sayi kati ɗaya.

Wanne? Ga 1080p, RX 6600, RTX 3060 mai 12GB ko RTX 4060. Ga 1440p, RX 6700 XT, RTX 4070 ko RX 7800 XT. In za ka iya, nemi VRAM 12GB ko fiye, don sababbin wasanni sun fara matse 8GB. Katunan RTX kuma na da DLSS, AMD na da FSR, dabarun ƙara gudu da ke aiki a wasanni da yawa na yanzu, inda SLI da CrossFire ba su taɓuka komai.

Mai ɗakin gem, in kati biyu ne a hannunka, haɗa kwamfuta biyu, kowace da kati ɗaya. Kujera biyu ke nan masu kawo kuɗi. Mai aikin Blender kuma zancensa daban ne, don manhajar tana raba aikin zane tsakanin katuna ba tare da SLI ba.

Mataki na 8: Gwada katin kafin ka biya

Yawancin katunan da ke zuwa mana na hannu ne. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin garafik a Satumba 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, RX 570 da RX 580 a kan gaba. Ba duka ne matattu ba, amma sai an gwada.

Fara da ido. Juya kowace fanka da yatsa, ka ji ko tana karkarwa ko tana tsayawa. Duba bayan allon ko akwai wurin da ya yi ruwan ƙasa saboda zafi, ko tsatsa a ƙarfen baya, ko maiƙo a kusa da ƙwayoyin ma'ajiya. Duba fulogin wuta ko ya taɓa narkewa.

Sai a sa shi a kwamfuta, a girka direba na asali daga shafin Nvidia ko AMD. In direban ya ƙi hawa, ko Windows ta nuna kuskure mai lamba 43, mai yiwuwa an canza wa katin BIOS, wato manhajar da ke cikinsa, don haƙa, ko ya lalace. Bar shi.

Buɗe GPU-Z. In jabu ne da manhajar ta sani, za ta rubuta FAKE a gaban sunan. Duba yawan ƙwayoyin zane, layin da aka rubuta Shaders: RX 580 na gaske 2304 ne. In ka ga 2048, samfurin 2048SP ne da aka yi wa kasuwar Sin, wanda a zahiri kusan RX 570 ne, kada ka biya kuɗin 580. GTX 1060 mai 6GB 1280 ne, mai 3GB 1152. GTX 1050 Ti 768. RTX 3060 ma iri biyu ne, mai 12GB da mai 8GB, na biyun ya fi rauni sosai. GTX 1050 Ti da ka gani da bakin VGA mai shuɗi, alama ce babba ta tsohon kati da aka sauya wa suna.

Kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki, ya yi minti 15 zuwa 20, kana kallon zafi. Ɗige-ɗige masu launi, layuka, baƙin sikirin ko mutuwar kwamfuta, duk dalilin fasa ciniki ne. Daga nan a buɗe wasa na gaske a buga minti 20, don akwai katin da ke wuce FurMark ya faɗi a wasa. Gwada kowane bakin HDMI da DisplayPort.

Gargaɗi: in daga nesa za a aiko, ka sa a ɗauko maka bidiyo ɗaya ba yankewa, da ke nuna lambar jikin katin, GPU-Z da FurMark suna aiki. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne, kafin kuɗi su fita. In kati biyu za ka saya, gwada kowanne shi kaɗai tukuna.

Mataki na 9: Haɗawa

Sauke sabon direba ka ajiye. Shiga Windows ta yanayin kariya, wato Safe Mode, ka goge tsohon direba da DDU, musamman in kana sauyawa daga AMD zuwa Nvidia ko akasin haka. Kashe kwamfuta, zare waya, danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. Taɓa ƙarfen gidan kafin ka taɓa kati. Da hunturu iska a bushe take, jiki na tara wutar da ke iya kashe ƙananan sassa.

Danna ƴar maƙatar da ke ƙarshen gurbi kafin ka ciro tsohon kati, in ka fizga da ƙarfi gurbin ne zai ɓalle. Sa sabon a gurbin sama, mafi kusa da furosesa, ka danna har ka ji ƙas. Ɗaure sukurori. Soka wayoyin wuta. In fulogi biyu ne, ya fi kyau kowanne ya samu wayarsa daga PSU. In katin mai sabon fulogi ne mai ƙafa 16, tura shi har ƙarshe, kada a ga ko siririn gibi, kuma kada ka lanƙwasa wayar a dab da bakin, don rashin shiga sosai ne ke sa shi ƙonewa.

Gargaɗi: wayar sikirin a jikin katin ake soka ta, ba a bakin madabod na sama ba. Wannan kuskuren ya sa mutane da yawa sun zaci an sayar musu da kati marar ƙarfi. In sikirinka VGA kaɗai gare shi, katunan GTX 10 da RX 400 zuwa sama ba su fitar da irin wannan siginar, sai ka nemi ƴar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA.

Wanda ya cika sharuɗɗan mataki na 7 ya zaɓi kati biyu: sa na farko, girka direba, tabbatar yana aiki, kashe, sannan ka sa na biyu. In Nvidia ne ɗora gada, ka shiga Nvidia Control Panel, sashen SLI, ka zaɓi ƙara ƙarfin 3D. In AMD ne kunna CrossFire a cikin manhajar Radeon, ka buga wasan a cikakken sikirin, don a taga ba ya aiki a yawancin wasanni. Wayar sikirin a katin sama. Wanda ya fi sanyi a gwaji shi za ka sa a sama.

Mataki na 10: Gwajin ƙarshe da kulawa

Kunna MSI Afterburner ya nuna maka a kan wasan abubuwa huɗu: hoto nawa a daƙiƙa, tazarar lokaci tsakanin hotuna, zafin kati, da kashi nawa na ƙarfinsa yake amfani da shi. A hoto 60, tazarar ta kamata ta zauna kusa da milisakan 16.7. Layin da ke kwance lafiya shi ake so. In katin na zaune a kashi 60 kuma gudun bai kai ba, furosesa ce ke riƙe shi. In kati biyu ne ka ga na biyun a sifili, wasan bai san da shi ba. In kuma layin tazarar na ta tsalle, kashe haɗin a wannan wasan ka kwatanta da idonka.

Da bazara, rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 ko 85 a Afterburner, ka ƙara gudun fanka, ka kuma kulle wasan a 60 in sikirinka 60Hz ne. Gudun da za ka rasa kaɗan ne, zafin da zai sauka kuwa da yawa. Ɗaga kwamfutar daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka bar mata tazarar taki ɗaya daga bango. Da hunturu a hure ta da bulowa duk sati biyu ko uku, a waje, kana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada a sa ruwa ko tsumma mai laima. Da damina, in hadari ya taso da walƙiya, zare wayar daga bango gaba ɗaya. Katin hannu da ke haura digiri 85 bayan an hure shi yana buƙatar sabon man sanyaya a kan ƙwayarsa. In ba ka taɓa buɗe kati ba, kai wa mai gyara ka tsaya a kansa, ka kuma ce ya duba ƴan katifun zafin da ke kan ma'ajiya kafin ya rufe.